Sikeli ya ce lafiya lau, amma tumbi sai ƙaruwa yake

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce shekararka 46, da can da hannunka kake noma amma yanzu harkar hatsi ta karɓe ka, kana bin kasuwar Gujungu da sauran kasuwannin ƙauye a kan babur, ka je asibitin sha-ka-tafi an ɗora ka a sikeli an samu kilo 72, tsayi mita 1.72, ma'aikacin ya ce nauyinka daidai ne, amma kai ka ga tumbi ya fito har tela ya auna cikinka ya samu inci 39, ga kasala, ga rauni wajen iyali wanda da ba ka san shi ba. Sannan ka haɗa da maganar mai ɗakinka, al'adarta tana tsallake wata 2 zuwa 3, shekara 4 ba ta sake samun ciki ba, wuyanta ya yi baƙi, kuma tana shan maganin ƙiba da take saya a kemis. Kana so ka san ko kitsen nan yana da alaƙa da abubuwan nan da kuma ciwon zuciya.

Eh yana da ita, kuma sosai ma. Gaskiya na ji daɗi da ka kawo awon telan, don shi ne abu mafi amfani a duk lambobin da ka rubuto.

Ma'aikacin da ya ce nauyinka daidai ne bai yi maka ƙarya ba, lissafin da ya yi shi ake kira BMI, ana ɗaukar kilo ɗinka a raba da tsayinka da aka ninka da kansa, wato 72 a raba da 2.96, sai ya ba da 24.3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. To kai kana cikin layi. Matsalar ita ce wannan lissafin wani masanin lissafi ɗan Beljiyam mai suna Ketele ne ya fito da shi tun wajen shekarun 1830, kuma ba don duba mara lafiya ya yi shi ba, don nazarin jama'a da yawa a dunƙule ne. Sikeli bai san tsoka ba bai san kitse ba, bai san ƙashi ba bai san ruwa ba, duk jimla yake ba ka. Ɗan dambe ko mai dakon buhu zai iya kaiwa 27 alhali kitsen jikinsa ɗan kaɗan ne, kai kuma da ka bar fartanya tsokar hannu da ta cinya ta zube, kitse ya maye gurbinta a ciki, sai kilo ya tsaya inda yake ka ɗauka babu abin da ya canza.

Abin da ya fi yawan kitsen muhimmanci shi ne inda ya zauna. Ka tuna lokacin da ake feɗe ragon layya wanda aka turke aka yi ta ɗura masa dusa da ƙaiƙayin wake, akwai kitsen da yake ƙarƙashin fata, akwai kuma farin kitsen nan da ya lulluɓe hanji da tumbi ya manne a ƙoda, wanda sai an farka cikin ake ganinsa. Haka yake a jikin mutum. Na ƙarƙashin fata, wanda kake iya matsawa da yatsu a cinya ko mazaunai, ɓarnarsa da sauƙi. Na cikin ciki shi ne mugun, kuma shi ne ke turo cikin mutum gaba ya yi tauri, ka ga mutum hannu da ƙafa sirara amma ciki ya yi gaba. Tun a 1947 wani likita Bafaranshe a birnin Marsai, Jan Vag, ya lura cewa masu kitse a sama da ciki su ne ke yawan kamuwa da ciwon suga da ciwon jijiyoyin jini, masu kitse a cinya da mazaunai ba su kai su ba.

Dalili kuwa, kitsen nan ba zaune yake kawai ba, aiki yake yi dare da rana, yana fitar da sinadarai cikin jini. A 1994 aka gano leptin a Amurka, wani homon, wato sinadari mai kai saƙo a cikin jiki, da kitse da kansa yake fitarwa yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, daga nan likitoci suka daina yi wa kitse kallon ma'ajiya kawai. Shi na cikin ciki jininsa kai tsaye hanta yake zuwa, yana kwarara mata maiƙo da sinadaran kumburi, sai hanta ta tara kitse ita ma, ta daina jin maganar insulin, shi insulin ɗin shi ne homon da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. Da jiki ya daina jin maganarsa sai a riƙa fitar da shi ninki ba ninki don a danne sugan, kuma mutum zai iya shekaru a haka gwajin sugansa yana nuna lafiya lau, alhali insulin ɗin nan mai yawa yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau, maiƙon jini ya ƙaru, kolestarol mai kyau, wato nau'in maiƙon jini mai amfani ga jijiyoyi, ya ragu. Ranar da jiki ya gaji da wannan ninkin, ranar ce za a ce maka kana da ciwon suga, amma ɓarnar ta daɗe da farawa. Tef ɗin tela yana riga injin gwajin suga ganin wannan, shi ya sa nake ba shi muhimmanci haka.

Yanzu awon naka. Inci 39 santimita 99 ke nan. Ga namiji daga santimita 94, wato inci 37, hatsari ya fara, daga 102 wato inci 40 ya yi yawa sosai. Ga mace daga santimita 80, wato inci 31 da rabi, sannan 88 wato kusan inci 35. Ka ga kai ka wuce na farko kana daf da na biyu. Waɗannan lambobin daga awon Turawa aka ɗauko su aka ara mana, kuma ba su duba tsayin mutum, dogo da gajere duk ɗaya suka ɗauke su, shi ya sa ni na fi amfani da ƙa'idar rabin tsayi: kada zagayen cikinka ya kai rabin tsayinka. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ta ɗauki wannan a 2022. Tsayinka santimita 172, rabinsa 86, wato wajen inci 34, kai kuma kana 99, in aka raba 99 da 172 za a samu 0.58, daga 0.5 an shiga hatsari, daga 0.6 kuma hatsarin ya yi girma. Ko tef babu za ka iya, ka samu igiya ka taka bakinta da diddige ka ja ta zuwa tsakar kanka ka yanke, ka ninke ta biyu ka zagaya cikinka da ita, in bakin biyu ba su haɗu ba to magana ta fito.

Sai dai ka sake awon da kanka, don teloli yawanci ƙugun wando suke aunawa, ƙasan tumbi inda zariya take zama, wannan kuma ba shi muke nema ba, mutum zai iya shekara goma wandonsa bai canza ba cikinsa na ƙaruwa a sama, babbar riga kuma ta rufa masa asiri. Da safe kafin ka karya, ka cire riga ka tsaya a miƙe, ka lalubo haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu nan za ka zagaya tef ɗin, yawanci daidai cibiya ko sama da ita kaɗan, ka saki numfashi yadda ka saba kada ka shanye ciki, kada kuma ka ja tef ɗin ya nutse a fata. Mai ɗakinka ma haka za ta yi, ita sai ta ƙara da auna mazaunai inda suka fi faɗi, a raba awon ciki da na mazaunai, in ya kai 0.85 ga mace ko 0.90 ga namiji to kitsen ya karkata ciki.

Wannan rabon na ciki da mazaunai ba ƙaramin abu ba ne. Wani babban bincike da Farfesa Salim Yusuf na Kanada ya jagoranta a ƙasashe 52, har da na Afirka, mutum wajen 27,000, wanda sakamakonsa kan ƙiba ya fito a 2005, ya nuna rabon nan ya fi BMI nuna wanda ke cikin hatsarin toshewar jijiyar zuciya nesa ba kusa ba. Wanda ya fi kusa da mu kuma shi ne binciken SIREN da aka yi kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya a cikin wuraren da aka yi shi, ya fito a 2018, hawan jini ne ya zo kan gaba da tazara mai yawa, sannan a cikin sauran abubuwan da aka lissafa akwai girman ciki kan mazaunai, da ciwon suga, da barbaɗa gishiri a abinci bayan an sauke, da ƙarancin cin ganye. Mu nan abin da ya fi cika mana gadajen asibiti ke nan, shanyewar ɓarin jiki da zuciya ta kumbura ta gaza saboda hawan jinin da ba a san da shi ba, sai a kawo magidanci ɗan shekara hamsin baki ya karkace hannu ya saki, ƴan uwa suna cewa jiya lafiya lau ya kwanta ko iska ce ta buge shi, ka aza masa abin awo ka ga 200 bisa 120, kuma ka tambaya a ce bai taɓa aunawa ba a rayuwarsa. Wallahi abin yana ci min rai, don awon nan ko minti biyar ba ya kaiwa.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu mutanen karkara musamman. Wanda aka haifa ƙarami ko ya sha tamowa yana yaro, in ya girma ya samu sauƙin rayuwa, jikinsa ya fi saurin tara kitse a ciki kuma ya fi saurin kamuwa da suga da hawan jini ko da bai yi ƙiba a ido ba. Da yawanmu haka muka taso, saboda haka kada mutum ya ce ai ni ba ni da jiki.

Maganar rauni wajen iyali, na gode da ka faɗa don maza da yawa sai dai su wuce wajen mai maganin kasuwa. A cikin kitse akwai wani sinadari, aromatas, da ke juya homon ɗin maza testosteron ya koma na mata istirojin, ƙwaƙwalwa kuma in ta ga istirojin ya ƙaru sai ta rage umarnin da take ba maraina su samar da na mazan, sha'awa ta ragu, tsoka ta ƙara zubewa, wasu har ƙirjinsu ya ɗan cika kamar nono, kuma raguwar testosteron ɗin ita ma tana ƙara tara kitse a ciki, abin ya yi ta zagayawa. Amma ba homon kaɗai ba ne, kuma wannan ɓangaren nake so ka riƙe da kyau. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka in jijiyoyin jiki suka fara lalacewa can ake fara gani, sau da yawa shekara 2 zuwa 5 kafin zuciya ta nuna nata. Namiji ɗan shekara 46 mai tumbi da ya fara ganin rauni, ni zuciyarsa da sugansa nake fara dubawa. Magungunan ƙarfin maza na kwalba da na ƙulli da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa kuwa, wasunsu ana cakuɗa su da ƙwayar bature ba tare da an faɗa ba, ba wanda ya san adadin da ke ciki, kuma in ta haɗu da wasu magungunan zuciya jini na iya faɗuwa warwas. Ka bar su.

Ita kuma mai ɗakinka, farkon abu gwajin ciki, kullum in al'ada ta tsallake da shi ake farawa. In babu, abubuwan da ka lissafa sun yi kama da abin da muke kira PCOS, matsalar homon ce da ke hana ƙwan mace fita a kan lokaci, kuma tana da yawa, a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da ita, mafi yawansu ba a ma gano ba. Yadda take aiki, yawan insulin ɗin nan da na faɗa yana tunzura ma'ajiyar ƙwai ta fitar da homon ɗin maza fiye da ƙima, sai ƙwai ya ƙi nuna, al'ada ta yi nisa, wasu gashi ya fito musu a haɓa, ƙuraje a fuska. Baƙin wuyan nan mai kauri da santsi, har a hammata, ba dauɗa ba ce, kada ta yi ta dirzar sa da soso ko ta shafa man bilicin, alamar insulin ya yi yawa ce. Abin farin ciki shi ne mata da yawa in suka rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsu, misali kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, al'ada tana dawowa daidai har ciki ya samu, akwai kuma magungunan da likitan mata ke bayarwa. A duba mata maƙoƙo ma da homon ɗin ruwan nono, don su ma suna rikita al'ada. Kuma tunda shekara 4 ne, kai ma a gwada maniyyinka, kada a ɗora mata ita kaɗai.

Maganin ƙibar nan shi ya fi tayar min da hankali a duk tambayar. Abin da ake sayar wa mata da sunan sha-ka-fashe yawanci deksametason ne ko firednisolon, wani lokacin a haɗa da maganin buɗe ciki. Waɗannan ƴan uwan kotisol ne, homon ɗin da jiki ke fitarwa lokacin wahala, kuma in suka yi yawa ba inda mace take so suke kai kitsen ba, fuska suke kumburawa ta yi zagaye, doron wuya ya tashi, ciki ya fito da jajayen nankarwa masu faɗi, cinya da hannu kuma su rame, ga suga ga hawan jini ga ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice. Zai iya yiwuwa ma shi ne tushen rabin abin da take fama da shi. Amma don Allah kada ka ƙwace ka zubar yau ɗin nan, in ta daɗe tana sha jikinta ya rage yin nasa kotisol ɗin, tsayarwa farat ɗaya na iya jefa ta cikin mummunan hali har suma, a hankali likita yake rage shi. Ku ɗauki kwalin ko ƙullin ƙwayar ku tafi da shi asibiti. Kuma ka gaya mata da bakinka cewa ba sai ta yi ƙiba za ta burge ka ba, don yawancinsu saboda miji ko gorin kishiya da dangi suke sha.

Ba kowane babban ciki ne kitse ba fa. In ciki ya kumbura cikin ƴan makonni, ƙafa ta kumbura ka danna yatsa ya lotsa, ko ido ya yi ɗorawa, ko mutum na ramewa cikin na girma, wannan ruwa ne daga hanta ko zuciya ko ƙoda, ko ƙari a mahaifa ga mata, tef ba shi da aiki a nan sai hoton ciki. Haka maijego da ta fara kumburi da haki ba ta iya kwanciya sai a jingine, ba ƙibar jego ba ce, ciwon zuciyar bayan haihuwa ne wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa, a garzaya da ita.

Abin yi yanzu, ka je babban asibitin da ya fi kusa da kai da safe ba ka ci komai ba, a auna hawan jini, in ya kai 140 bisa 90 a rana biyu daban-daban to hawan jini ne, a auna suga, daga 126 a ma'aunin mg/dL ciwon suga ne in an maimaita ya tabbata, tsakanin 100 da 125 kana bakin ƙofa, in da hali a duba maiƙon jini da ƙoda. Gwajin homon in ya zama dole za su tura ka Dutse ko Birnin Kudu ko asibitin Malam Aminu Kano. Sikelin nan da ake takawa ba takalmi ya nuna kashi nawa ne kitse a jiki, kada ka kashe kuɗinka a kai, ko ruwa ka sha lambar sai ta canza.

Kitsen ciki yana saurin amsa motsa jiki, sau da yawa tef zai nuna ragi kafin sikeli ya motsa. A wani bincike a Amurka da ya fito a 2002, masu bakin ƙofar ciwon suga da aka sa su rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiya minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 30 ke nan sau 5 a mako, tafiya mai ɗan sauri har ka ji gumi, bayan asuba kafin rana ta yi, ka ajiye babur in gona ko masallacin Juma'a za ka, da damina kuma ka riƙe fartanya ko kunya kaɗan ce kada ka bar wa ƴan ƙwadago duka, don tsokar nan ita ke shanye suga. Ita ma uwargida ko a tsakar gida ne ta samu abin da zai sa ta gumi kullum, daka ko zagaye, tunda inji ya karɓe surfe da niƙa.

Abinci kuwa na san yadda ranar kasuwa take, shayi mai kauri da suga cokali huɗu da burodi da safe, rana ta yi a kora da lemon kwalba mai sanyi biyu, kowace babbar roba ɗaya sugan cikinta ya haura cokalin shayi 10, da yamma tsire, a dawo gida a tarar da malmalar tuwon shinkafa ko taliya a ci a kwanta. Ka fara da abin sha, shi ya fi sauƙin yankewa kuma shi ya fi ɓarna, fura ma a dama ta ba suga ko ɗan kaɗan. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da fulawa, a rage malmala a ƙara miya da ganye, zogale, rama, kuɓewa, kuka, ga wake da kai kanka kake sayarwa. Gishiri duka-duka na yini kada ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗanɗanon dunƙule da ake jefa biyar shida a tukunya shi ma gishiri ne, a rage shi a ƙara daddawa. In kana shan taba, barinta ya fi duk abin da na lissafa.

Ka riƙa awon cikin sau ɗaya a wata, rana ɗaya wuri ɗaya, ka rubuta a bayan littafin cinikinka tare da lambar hawan jinin, ko santimita 4 zuwa 5 ka rage a wata shida an samu ci gaba na gaske. Amma in ka ji nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko haki daga ƴar tafiya, ko magana ta sarƙe, ko ɓari ɗaya ya yi sanyi ko na ɗan lokaci ne ya sake, kada ka jira ranar kasuwa ta wuce kuma kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nemi mota a tafi asibiti a lokacin. Allah ya ba ku lafiya kai da iyalin.